Ƙashin da ke tsirowa cikin tsoka bayan yaro ya bugu a kai

Yaron da moto ta kaɗe, ko ya faɗo daga kan bishiyar mangwaro, ya kwashe makonni cikin doguwar suma, ranar da Allah ya sa ya buɗe ido hankalin kowa yana kan kansa ne. Ya gane uwarsa? Ya fara magana? Yana iya haɗiye kunu? Ba mai tunanin kwatangwalonsa ko gwiwar hannunsa, tunda ba nan ya bugu ba. Amma a wasu daga cikin irin waɗannan yara, yawanci tsakanin wata 1 zuwa wata 3 bayan haɗarin, sabon ƙashi yakan soma tsirowa a cikin tsokar da ke kewaye da gaɓa, inda babu ƙashi tun asali. In ya girma sai ya kulle gaɓar. Ƙwaƙwalwa ta fara dawowa, yaro yana son ya tashi zaune, ƙugu ya ƙi lanƙwasuwa.

Likitocinmu na Yamai da Tawa, da yake da Faransanci suka yi karatu, POA, wato sunan ciwon a taƙaice da Faransanci, za ka ga sun rubuta a takardar asibiti. Matsalar ba sabuwa ba ce. A 1918 wasu likitoci biyu a Faransa, Augusta Dejerine-Klumpke da André Ceillier, suka bayyana ta a jikin sojojin yaƙin duniya na farko da suka samu rauni a laka. Daga baya aka gane raunin ƙwaƙwalwa ma yana kawo ta, haka mummunar ƙuna, haka wasu abubuwan da ke jefa mutum cikin doguwar suma: kumburin ƙwaƙwalwa, sanƙarau mai tsanani, ko nutsewa a ruwa har iska ta yanke wa ƙwaƙwalwa. Wanda ya san ɓarnar da sanƙarau ke yi mana lokacin zafi, ya kuma san yadda yara ke cika bakin kogin Isa da wanka, ba sai an gaya masa maganar ta shafe mu ba.

Ƙashi ne na gaske. Ba ƙari ba ne, ba cutar kansa ba ce, ba kuma jini ne ya daskare ya yi tauri ba. Wurin yakan fara da kumburi, ya zama guringuntsi, guringuntsin ya koma ƙashi, har da jijiyoyin jini da ɓargo a ciki. Kuma a wajen gaɓar yake tsirowa, ba a cikinta ba. Mahaɗar ƙashin tana nan da santsinta lafiya lau, sai dai an tare ta daga waje, kamar magini da aka kira ya liƙe tsaga a bango ya zarce ya toshe ƙofar ɗaki. Shi ya sa tiyata take yin amfani: in an sassaƙe abin da ya tare kafin gaɓar ta lalace, motsi yana dawowa. Kwatangwalo ya fi kamuwa, sai gwiwar hannu, kafaɗa da gwiwar ƙafa. Yatsu da wuyan hannu ba kasafai ba. Galibi ɓangaren jikin da ya shanye, ko wanda tsokarsa ta ɗaure, shi abin yake kamawa, wani lokaci gaɓa biyu ko uku a jikin yaro guda.

To me ya haɗa bugun kai da ƙashi a ƙugu?

A cikin tsokar kowannenmu akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke zaman jiran aiki. In tsoka ta yage, suna cikin masu gyara ta. Ba aiki ɗaya aka yanka musu ba: sinadaran da suka kewaye su su ne ke sa su zama kitse, ko tabo, ko ƙashi. Tun 1965 wani likitan ƙashi a Amurka, Marshall Urist, ya nuna haka ƙarara. Ya ɗauki ƙashi, ya narkar da abin da ke sa shi tauri, ya dasa sauran a cikin tsokar dabba, sai ga sabon ƙashi ya fito a wurin. Ke nan akwai sinadarin da ke umartar tsoka ta yi ƙashi, tsoka kuma tana jin umarnin.

Saura a san abin da ke tayar da wannan umarni bayan rauni. A 2015 masu bincike daga asibitin Raymond-Poincaré da ke Garches kusa da Paris, tare da takwarorinsu na Brisbane a Ostireliya, suka wallafa wani gwaji da suka yi da ɓeraye. Suka yanke lakar ɓera ba su taɓa tsokarsa ba, ƙashi bai fito ba. Suka raunata tsoka suka bar laka, tsokar ta warke sumul. Da suka haɗa biyun, sai ƙashi ya tsiro a tsokar da aka raunata. Da suka kawar da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, irin waɗanda ke rugawa wurin rauni su share shi, sai ƙashin ya ragu ƙwarai. A laka aka yi gwajin, ɓera kuma ba yaro ba ne, amma abin da ya nuna ya dace da abin da likitoci ke gani a kan gado. Sai abu biyu sun haɗu. Raunin ƙwaƙwalwa ko na laka yana hargitsa sinadaran da ke yawo a jini da waɗanda jijiyoyi ke fitarwa, ya bar jiki a shirye ya yi ƙashi. Sa'an nan rauni ko kumburi a cikin tsoka ya zaɓi wurin. Likitocin ƙashi ma sun daɗe da lura cewa mai karayar da ya haɗa da mummunan bugun kai, ƙashinsa yakan haɗe da tudun ɗori mai kauri fiye da kima.

Abu na farko ya wuce hannun iyaye, haɗari ya riga ya auku. Na biyun kuwa, wani ɓangarensa yana hannun duk wanda ke juya yaron, yana yi masa wanka, yana miƙe masa ƙafa.

Kada uwar da ɗanta ya fasa goshi a filin ƙwallo ta tayar da hankalinta. Wannan ciwo na masu rauni mai tsanani ne. A manya, kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na waɗanda suka yi mummunan bugun kai sukan same shi har ya dame su. A yara lissafin ya bambanta daga wannan bincike zuwa wancan, kuma yawanci ya fi na manya sauƙi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1992 ya duba yara 90 masu mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, ya samu 13 da wannan matsala, ya kuma nuna waɗanda suka haura shekara 11 da waɗanda suka daɗe a sume sun fi kamuwa. Sauran abubuwan da ke ƙara haɗarin su ne daɗewa a kan na'urar numfashi a reyanimasiyo (ɗakin masu jinya mai tsanani), ɗaurewar tsoka, karaya a wani wuri na jiki, gyambon kwanciya, da wani yanayi da masu jinya ke gani su firgita, inda yaro zai riƙa jiƙewa da gumi sharkaf, zuciya na gudu, jiki na zafi yana sandarewa, alhali ba wata cuta a jininsa. Batun shekaru yana da tasa illar a nan Nijar. Tun 2006 aka sa kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta zama kyauta, amma yaron da wannan ciwo ya fi nema shi ne ɗan shekara 12 ko 15, wanda ake aike a kan moto, wanda ke kora amalanke, wanda kowace radiyo (hoton ƙashi) da kowace ordonansi (takardar sayen magani) tasa daga aljihun ubansa za ta fito.

Alamun farko ba su da wata siffa ta musamman, nan ne wahalar take. Gefen gaɓa ya kumbura, ya yi ɗumi, wani lokaci da ɗan zazzaɓi. Gaɓar ta fara rage buɗewa. Akwai ciwo, amma yaron da bai gama farfaɗowa ba ba zai ce "nan ke yi mini ciwo" ba. Sai dai ya yamutsa fuska, ko ya yi nishi, ko jikinsa ya ƙara ɗaurewa duk sa'ad da aka taɓa wannan ƙafar. Sau da yawa uwa ce ke fara ganewa, wajen sa wando ko wajen tsarki: ƙafar da makon jiya take buɗewa yau ta ƙi. In ta faɗa, maganarta ta fi awo da yawa daraja, don ita kaɗai ke taɓa gaɓar nan safe da yamma.

Kumburi da zafi da zazzaɓi kuwa, abubuwa da yawa ke kawo su, wasu ma sun fi wannan gaggawa. Zai iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓa ko ƙashi, wadda in an yi sakaci tana cinye gaɓa cikin kwanaki. Zai iya zama gudan jini ne ya toshe jijiyar ƙafa. Zai iya zama karaya ce da ba a gani ba ranar haɗari, da yake kowa na ta kan ceton rai. In yaron mai amosanin jini ne, wato sikila, lissafin ya ƙara rikicewa, don shi dama ƙashinsa yana ciwo yana kuma saurin kamuwa da cuta. Sai kuma al'adarmu ta ɗaukar duk zafin jiki a matsayin masassarar cizon sauro. A gwada, a ba da magani in ita ce, ba laifi, amma ba ta kumbura kwatangwalo ɗaya ta bar ɗaya.

Ko ƙagewar gaɓar ma iri uku ce, kuma iyaye sukan ɗauke su abu ɗaya. Akwai ɗaurewar tsoka da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa kai tsaye: in ka ja hannun da sauri ya ƙi, in ka bi shi sannu a hankali ya saki, in yaro ya yi barci ya yi laushi. Akwai gajarcewar tsoka da jijiya saboda daɗewa a lanƙwashe: ka miƙe ta kai wani wuri ta tsaya, amma kana jin ɗan ba da kai a ƙarshe. Sai na ukun, namu: gaɓar ta tafi ta tsaya cak, ƙashi ya daki ƙashi, ko barci yake ko farke, iyakar ke nan, kuma iyakar tana ƙara matsowa mako bayan mako. Na farko da na biyu suna jin motsa jiki da magani. Na ukun in ya nuna, ba ƙarfin hannun da zai ture shi. Abin da ke ƙara dagula lamarin, sukan haɗu su uku a gaɓa ɗaya.

Ga wani tarko da ya kamata kowane mai jinya ya sani. Radiyon farko yakan fito fes. Ƙashin da ke farawa bai tara sinadarin da hoto ke kamawa ba tukuna, sai bayan makonni 3 zuwa 6 yake fara bayyana, da farko dishi-dishi, daga baya ya fito sarai. Uba ya biya kuɗin radiyo, an ce masa ba komai, ya koma gida da kwanciyar hankali, alhali abin yana nan yana ginuwa. Radiyo mai tsabta a makon farko ba ta wanke gaɓa ba. In ƙagewa ta ci gaba, a maimaita. Eko, irin wanda ake yi wa masu ciki, yana iya ganin canjin tsokar kafin radiyo, yana kuma nuna gudan jini ko taruwar mugunya, ga shi ba ya da tururin da ke cutarwa, ana iya yin sa a bakin gado. A ganina shi ne awon da ya fi dacewa da halinmu. Akwai wani hoton ƙashi da ake yi bayan an sa wa mutum allurar wani sinadari a jini, wanda ya fi duka saurin ganowa, amma ba ko'ina ake samun sa ba. Sikanar kuwa, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki, amfaninsa ya fi yawa in an zo shirin tiyata. Akwai kuma awon jini na sinadarin da ke hawa in jiki yana ƙera ƙashi. A babba yana ɗan taimakawa. A yaro kusan ba ya faɗin komai, don yaro mai girma dama ƙashi yake ƙerawa kullum, balle in yana da karaya.

Yanzu a dubi lokacin da abin yake fitowa, a kuma dubi inda yaron yake a lokacin. Wanda ya bugu a Tawa, ko Ƙonni, ko Madawa, in raunin ya yi tsanani akan tura shi Yamai, inda likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suka fi yawa, tafiyar da daga Tawa ta haura kilomita 500. Ya yi makonni a can. Ya farfaɗo, an sallame shi, guzuri ya ƙare, an sayar da abin sayarwa, gona tana jira. Daidai sa'ad da ya koma gida, wata na biyu ko na uku, shi ne lokacin da ƙashin ke tsirowa. Likitan da ya san ciwon yana Yamai, ƙugun da ke ƙagewa yana ƙauye. A nan ne ake rasa yawancin gaɓoɓin da za a iya ceta, ba a ɗakin tiyata ba.

A gida kuwa ba a zama a zuba ido, kowa yana son ya taimaka. Kawu ya ce ƙafar ta kwanta ne, a ja ta da ƙarfi ta miƙe. A kira maɗori ya murɗa, ya ɗaure da karare. Wata ta ce kumburin nan sai an yi sakiya, ko a kafa ƙaho a zuƙe mataccen jini. Ba raina maɗori nake yi ba, mutane da yawa suna tafiya da ƙafafunsu yau ta dalilinsa. Amma wannan ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ne. Ja da ƙarfi yana yayyaga tsoka daga ciki, ya zubar da jini a cikinta, wato ya samar da ainihin abu na biyun nan da ƙashin ke jira. Ɗaurewa da karare na makonni yana ƙarasa kulle gaɓar. Sakiya kuma ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayar cuta a wurin da babu mugunyar da za ta fita. Ɗaya gefen ma ba alheri ba ne: a ce tunda yana jin ciwo kada a taɓa shi sam, a bar shi a dunƙule kan tabarma. Wannan ma gaɓar za ta ƙage, gyambo kuma ya biyo baya.

Abin da ake so yana tsakanin biyun, kuma da ido ake koyon sa. Na ga wani mai kine, wato ma'aikacin asibiti mai motsa wa majinyata gaɓoɓi, a Yamai yana nuna wa wata uwa a bakin gadon ɗanta. Ya sa tafin hannunsa ɗaya a ƙarƙashin gwiwar yaron, ɗayan ya tallafi diddige, ya ɗaga ƙafar zuwa ciki sannu sannu. Idonsa ba a kan ƙafar yake ba, a kan fuskar yaron yake. Da yaron ya ɗan motsa gira sai ya tsaya, ya riƙe a nan, ya ƙirga a hankali, ya mayar.

"Inna, kin ga inda na tsaya? Nan ne iyakarki. Kada ki wuce."

"To likita, in na tsaya nan yaushe za ta miƙe? Babansa cewa ya yi in danna."

"Ki ce wa Baba ba miƙewa muke nema yau ba. So muke kada abin da yake da shi ya ragu. In kika ga gobe ba ta kai inda ta kai yau ba, ko wurin ya yi zafi, ki zo ki gaya mini, kada ki jira ranar randebu."

Sa'an nan ya sa ta yi da hannunta, ya gyara mata riƙon, ya naɗe zane ya sa tsakanin gwiwoyin yaron don kada ƙafafun su harɗe. Aikin ke nan: kowace gaɓa a motsa ta a hankali iyakar inda take zuwa ba ciwo, fiye da sau ɗaya a yini, a riƙa juya yaro kamar kowace awa 2 saboda gyambo, a kwantar da shi yadda gaɓoɓi ba za su dunƙule ba, a zaunar da shi da zarar likita ya yarda. Wannan ba ya ba da tabbacin ƙashin ba zai fito ba. Amma yana kare motsin da ya rage, ko da gaɓar za ta ƙage ta ƙage a yanayin da yaro zai iya zama, yana kuma sa a gane canji da wuri.

Magani na sha yana da iyaka. Akwai magungunan rage kumburi irin su indometasin, waɗanda bincike a manya, musamman masu raunin laka da waɗanda aka yi wa aikin kwatangwalo, ya nuna suna rage fitowar ƙashin in an fara da wuri. Amma suna iya ƙwarzar ciki har ya yi jini, suna taɓa ƙoda, suna iya jinkirta haɗewar karaya, ga kuma yaron da wataƙila jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Don haka ba abin da za a saya a teburin mai magani a bakin kasuwa ba ne, likita ke auna riba da hasara. Akwai etidironat, wanda ke hana sabon ƙashi yin tauri, sai dai ba ya bambance ƙashin da ba a so da wanda yaro ke girma da shi, yana iya raunana ƙasusuwan mai tasowa, shi ya sa likitocin yara ke ɗari-ɗari da shi. Gashi da tururin da ake kashe cutar kansa da shi yana aiki a manya, amma a yara ana gudun sa, saboda yana iya lalata wuraren da ƙashi ke tsawo, ga fargabar kamuwa da cutar kansa nan gaba. Magungunan sassauta tsoka kamar bakulofen suna taimakawa ta gefe, su rage ɗaurewar da ke jan gaɓa. Duk cikinsu babu wanda ke narkar da ƙashin da ya riga ya nuna. Wanda ya ce yana da garin da zai narkar da shi, kuɗinka yake so.

Yara suna da wata sa'a da manya ba su cika samu ba. A wasunsu, musamman ƙanana da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta farfaɗo da kyau suka koma motsi, ƙashin yakan tsaya ƙarami bai hana komai ba, wani lokaci ma ya ragu da kansa. Saboda haka ganin sa a radiyo kaɗai ba dalilin tiyata ba ne. Abin tambaya shi ne me ya hana yaron yi. Ya hana shi zama a kujera ko a keken guragu? Ya hana a buɗe ƙafafunsa a yi masa tsarki? Gwiwar hannu ta ƙage har ba ya kai loma baki? Yana danne jijiya, yatsu biyu na ƙarshe suna mutuwa, ko ciwo na sauka daga ɗuwawu zuwa ƙafa? Yana jawo gyambo saboda yaron gefe ɗaya kawai yake iya kwanciya? In amsar e ce, an shiga maganar aiki.

Kan lokacin aikin ne ra'ayin likitoci ya sauya, kuma yana da kyau iyaye su sani don kada su rikice in sun ji magana biyu. Tsohuwar koyarwa ita ce a jira kamar wata 18 bayan bugun kai, har ƙashin ya gama nuna, don gudun kada ya sake tsirowa. Likitocin Garches, waɗanda suka yi wa ɗaruruwan majinyata wannan aiki, sun bi diddigin sakamakonsu suka ga yin aikin da wuri bai ƙara yawan dawowar ƙashin ba. Abin da suka gani shi ne illar jira. Gaɓar da ta daɗe a kulle, guringuntsinta yana lalacewa, ƙashin asali yana yin laushi saboda rashin aiki, har yakan karye a hannun likita lokacin tiyata. Shi ya sa da yawa yanzu suke duban halin majinyaci maimakon kalanda: in ƙwaƙwalwa ta daidaita, kumburi ya lafa, babu cuta ko gyambo a jiki, ƙashin ya fito sarai a hoto, kuma yana hana rayuwa, ba a jira shekara da rabi. Ga yaro hujjar ta fi ƙarfi, don watannin da ƙwaƙwalwarsa ke sake koyon zama da tsayuwa da tafiya su ne za su wuce yana kwance.

Aikin kansa ba ƙarami ba ne, musamman a kwatangwalo. Ƙashin yakan naɗe manyan jijiyoyin jini da na motsi, shi ya sa ake son sikanar kafin a shiga. Yana zubar da jini sosai, don haka dangi su shirya masu ba da jini tun kafin ranar. Likita ba ya ƙoƙarin kwashe ƙashin duka. Yana sassaƙe abin da ya tare motsi ne, yana gwada gaɓar a nan kan teburin aiki, in ta kai inda ake so ya tsaya. Uban da ya ga sauran ƙashi a radiyon bayan aiki kada ya ce an yi masa rabin aiki.

Akwai wani ciwo daban da ya yi kama da wannan, wanda dole a ware shi. Na gado ne, ba kasafai ake ganin sa ba, kamar mutum 1 cikin miliyan 1 zuwa 2. A 2006 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi. Yaron da ke da shi ana haihuwarsa da babban yatsan ƙafa gajere a karkace, kuma tsokarsa tana komawa ƙashi tun yana ƙarami, daga wuya da baya, ba tare da wani bugun kai ba. A wannan, tiyata da allurar tsoka da ɗibar nama don awo duk ƙara tsiro suke yi. Yaron da ƙashi ke fito masa a baya ba tare da haɗari ba, a duba yatsun ƙafarsa kafin kowa ya kusance shi da wuƙa.

Bayan tiyatar ƙashin da bugun kai ya kawo, motsa gaɓar yana farawa ne cikin kwanakin farko, da maganin kashe ciwo, ya ci gaba watanni. Gaɓar da aka buɗe aka mayar kan tabarma ba motsi za ta sake ƙagewa, ko da ƙashin bai dawo ba. Saboda haka iyalin da suka taso daga Tawa su yi lissafin masauki a Yamai na makonnin farko tun kafin a sa ranar aiki, su tambayi inda mai kine mafi kusa da garinsu yake, a kuma koya wa mutum biyu a gidan yadda ake motsa gaɓar, don ranar da uwar ta kwanta ciwo ko ta haihu kada aikin ya tsaya.